Bakin da ba ya cin abinci: nazarin lamarin wani dattijo mai tiyon ciyarwa a Damagaram

Dattijon da wannan nazari ya shafa yana da shekara 79, tsohon baduku ne a unguwar Birni, kuma ya haura shekara goma yana fama da hawan jini, yana shan magani idan kansa ya yi nauyi, yana ajiyewa idan ya ji dama-dama. Ni ma'aikacin jinya ne, nakan zagaya gidaje bayan na tashi daga aiki domin duba marasa lafiyar da aka mayar gida da tiyo ko miki a jikinsu. Na sakaya sunayen mutanen gidan gaba ɗaya, kuma zan kira shi Baba kamar yadda kowa ke kiransa.

Wata asuba a farkon hunturu, yana cikin alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya zame ya kwanta, magana kuma ta ɗauke. A asibiti aka tabbatar da shanyewar ɓarin jiki. Da aka gwada shi da cokali ɗaya na ruwa sai ya ƙware, sautin da ke fita daga maƙogwaronsa ya koma kamar na mai kurkure baki, alamar cewa ruwan yana bin hanyar iska maimakon hanyar abinci. Irin wannan matsalar haɗiya takan sami kusan rabin masu shanyewar jiki a kwanakin farko. A kwana na uku aka zura masa tiyo ta hanci zuwa ciki, aka ci gaba da ciyar da shi ta nan, kuma bayan kwana 16 aka sallame shi da tiyon a hancinsa.

Kafin sallama an koya wa iyalin abubuwa da yawa, sun kuma riƙe su da kyau: yadda za a dama kunun gero da madara da ƙwai a tace shi, yadda za a tura shi a hankali da babban sirinji mai cin mililita 60, yadda za a bi shi da ruwa don kada tiyon ya toshe, da yadda za a tayar da shi zaune lokacin ciyarwa. An kuma jaddada musu magana guda, wato kada a ba shi komai ta baki. Wannan gargaɗi daidai ne, amma abin da mutanen gidan suka ɗauka daga cikinsa shi ne kada a taɓa bakin ko kaɗan, kuma babu wanda ya faɗa musu akasin haka. Ni kaina na je gidan a kwana na huɗu bayan sallama, na duba ko tiyon yana inda ya kamata, na duba ƙugunsa da dugaduginsa saboda mikin kwanciya, na auna jininsa, na fita ban buɗe bakinsa ba. Wannan kuskurena ne, kuma shi ne dalilin da ya sa na ga ya kamata a rubuta lamarin.

Abin da na tarar a kwana na 12 bayan sallama

Babban ɗansa ne ya zo ya same ni, ya ce zazzaɓi ya hana Baba barci kwana biyu, sun sayo maganin cizon sauro sun niƙa sun ba shi ta tiyo amma bai sauka ba. A garinmu duk zazzaɓin da ya zo, sauro ake fara tuhuma, ko da kuwa ba lokacinsa ba ne. Na tarar da zafin jikinsa digiri 38.9, yana numfashi sau 30 a minti, bugun zuciya 108, iskar da ke cikin jininsa kuma ta sauka zuwa kashi 89 cikin 100. Gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Da na saurari bayansa na ji ƙara irin ta murza gashi a ƙasan huhun dama.

Warin da na ji lokacin da na sunkuya kansa ne ya sa na kunna tocila na buɗe bakin. Leɓɓansa sun tsattsage, jini ya bushe a kusurwoyinsu. Harshensa ya bushe ƙayau, an lulluɓe shi da wani kauri mai launin ƙasa-ƙasa, ganɗarsa kuma tana manne da wani ɓawo kamar busasshen ƙanzon tukunya, wanda wani gefensa ya ɗago yana reto a kan hanyar maƙogwaro. Haƙora 14 suka rage masa, jajaye saboda goron da ya ci tsawon rayuwarsa, kuma dattin da ya taru a gindinsu ya kumbura dasashi har yana jini da an taɓa. Mutumin da bai taɓa tayar da salla ba tare da asuwaki ba ya yi kwana 28 ba a wanke bakinsa ba.

Na ce wa uwargidansa, “Inna, wa ke wanke wa Baba baki?” Ta dube ni da mamaki na gaskiya, ta ce, “Likita, ai bakin da bai ci komai ba, me za a wanke masa?” Tambayarta tana da hankali, kuma na ji irinta daga bakin ma'aikatan lafiya ma.

A ranar muka mayar da shi asibiti. Hoton ƙirji ya nuna ciwon huhu a ƙasan ɓangaren dama, wurin da aka fi samun sa a irin wannan hali, domin reshen bututun iska na dama ya fi na hagu faɗi da miƙewa, saboda haka abin da ya zurara daga baki can ya fi nufa. An sa masa iskar oksijin, an yi masa allurar seftiriyazon ta jijiya, zazzaɓin ya sauka a kwana na uku, aka sallame shi bayan mako guda.

Yadda baki marar ci yake lalacewa

Mai lafiya yana fitar da miyau tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a kowace rana, kuma kaso mai tsoka na wannan yana zubowa ne sa'ad da ake tauna da ɗanɗano. Miyau yana ɗauke da sinadarai irin su lisozayim da laktoferin da garkuwar da ake kira IgA, waɗanda ke kashe ƙwayoyin cuta ko su hana su manne wa fatar baki. Duk haɗiyar da mutum ya yi, wadda takan kai ɗaruruwa a yini, tana share wani ɓangare na ƙwayoyin ta kai su tumbi, inda ruwan tsami ke hallaka su. Ita kanta lomar tuwo tana aikin soso, tana goge harshe da ganɗa da cikin kumatu kafin ta wuce, harshe kuma yana bin bayanta yana share lungu-lungu. Da zarar an sa tiyo, duk wannan wanki na ɗabi'a ya tsaya cak. Ga Baba an sami ƙari a kan haka: tiyon ya toshe masa ƙofar hanci ɗaya, don haka da baki yake numfashi dare da rana, yana shaƙar busasshiyar iskar hunturu mai ƙura, ruwan da ake ba shi duka bai wuce lita ɗaya a yini ba, sannan ana ba shi wani maganin tari mai sa barci da dare, wanda yake cikin magungunan da ke ƙafar da miyau.

An gano sama da nau'i 700 na bakteriya masu zama a bakin ɗan Adam, kuma mafi yawansu ba abokan gaba ba ne, zamansu ma shi ke hana baƙi samun wurin sauka. Wasu daga cikin waɗannan ƴan gida, kamar Streptococcus na baki da Veillonella, suna rayuwa ne da abin da ya rage na abincin da ya ratsa baki. Wani bincike da masanan Jami'ar Kyushu ta Japan suka wallafa a 2011 ya nuna cewa a harshen tsofaffin da ake ciyarwa ta tiyo waɗannan nau'o'i suna raguwa ƙwarai, wasu kuma da ba a saba gani a bakin mai lafiya ba, irin su Corynebacterium striatum, suna samun gindin zama. Abin yana kama da gidan da masu shi suka tashi ya zama kango, duk abin da ya ga dama ya shiga ya tare.

Binciken da ya fi bayyana girman abin shi ne wanda Leibovitz da abokan aikinsa suka yi a Isra'ila, suka wallafa a 2003, a kan tsofaffi 215 da ke kwance a sassan jinya na dogon lokaci. An sami ƙwayoyi masu iya haddasa cuta a bakin kashi 81 cikin 100 na masu tiyon hanci, da kashi 51 na waɗanda aka huda wa ciki aka sa tiyo kai tsaye, alhali a cikin masu ci da baki kashi 17.5 ne kawai. Ita kuwa Pseudomonas aeruginosa, wadda magungunan da muka saba amfani da su ba sa kashe ta, an same ta a kashi 31 na masu tiyon hanci, ba a kuma same ta ko a mutum ɗaya cikin masu ci da baki ba. Bambancin da ke tsakanin tiyon hanci da na ciki yana da ma'ana, domin tiyon hanci yana ratsa maƙogwaro ne, ƙwayoyin cuta suna gina wani yauƙi mai manne a jikinsa su ɓuya a ciki, kuma yana hana ƙofar da ke tsakanin hanyar abinci da tumbi rufuwa sosai, abin da ke cikin tumbi ya riƙa tasowa.

Abin da ya kamata a fahimta a nan shi ne tiyo ya kauce da abinci daga maƙogwaro, amma bai kauce da miyau ba. Kusan rabin masu lafiya ma sukan shaƙi ɗan miyau zuwa huhu idan barci ya yi nauyi, sai dai tari da garkuwar jiki suna kore shi, kuma abin da ke cikinsa ba mai tsanani ba ne. Mai shanyewar jiki kuwa tarinsa ya yi rauni, sau da yawa ma miyau yana zurara ba tare da ya ƙware ba, kuma idan bakin ya zama kango, kowane ɗigo yana tafe da Klebsiella ko Staphylococcus ko makamantansu. Tun a 1998 binciken Langmore a kan tsofaffi 189 a Amurka ya nuna cewa dogaro da wani wajen ciyarwa, da dogaro da wani wajen tsabtace baki, da yawan ruɓaɓɓun haƙora, da ciyarwa ta tiyo, suna cikin abubuwan da suka fi hasko wanda zai kamu da wannan ciwon huhu, kuma matsalar haɗiya ita kaɗai ba ta isa ta haddasa shi ba.

Wa zai sa hannu a bakin Baba

Sanin abin da ya kamata a yi bai ba mu wuya ba kamar samun wanda zai yi shi. Uwargida ta tsufa, idonta ya yi rauni, hannunta yana rawa. Matar babban ɗansa ita ke dama kunu tana tacewa, kuma ita ta fi kowa iya sirinji, amma tsakaninta da surukinta akwai kunyar da ba za ta bari ta tsaya gabansa ta buɗe masa baki ba, shi ma ba zai yarda ba. Babban ɗan kuwa ɗan fari ne, tun yana yaro ba sa haɗa ido da mahaifinsa, kuma yini yake a kasuwa. Da na tsaya a kan cewa lallai ɗaya daga cikinsu ya yi, da an amsa mini da “to” don ladabi, a yi kwana biyu a bari.

Jikarsa ce ta warware mana matsalar, budurwa mai shekara 19, wadda tun tana ƙarama yake kiranta amaryarsa. Wasan da ke tsakanin jika da kaka ya ba ta damar da babu wani a gidan da ke da ita. Ranar farko ya datse haƙora ya kau da kai, sai ta durƙusa ta ce, “Haba maigida, amaryarka ce fa, buɗe in gani ko ka ɓoye mini goro.” Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa, ya buɗe. A ganina duk ma'aikacin da zai koyar da wankin baki a gidan Bahaushe ya kamata ya fara tambayar wa ke da wasa da marar lafiyar, kafin ya fara bayanin buroshi.

Na zauna da ita kwana uku a jere har hannunta ya faɗa. An ɗaura wankin a kan lokutan salla domin kada a manta, bayan asuba da bayan azahar da bayan isha'i, kuma koyaushe kafin ciyarwa ko bayan ta da awa ɗaya, saboda taɓa bayan harshe a kan cikakken ciki yana iya jawo amai. Ana jingina shi da tumtum biyu daga cikin waɗanda ya ɗinka da hannunsa, ƙirjinsa ya ɗago kamar digiri 30 zuwa 45, a karkata shi ta hagu, wato ɓarin da ke da lafiya ya kasance a ƙasa, a kuma sunkuyar da haɓarsa kaɗan, domin duk ruwan da ya taru ya taru a inda yake ji, ya fito ta gefen baki maimakon ya gangara baya. Tana wanke hannu da sabulu, ta sa safar hannu, ta ajiye kofi biyu na ruwan da aka tafasa ya huce, ɗaya na jiƙa ƙyallen asibiti, ɗaya na ɗauraye buroshi. Na dage a kan tafasa ruwan, domin a Damagaram famfo ba kullum yake kawowa ba, ruwan ƴan garuwa kuma yakan kwana a jarka ko randa, ita kuwa Pseudomonas ajiyayyen ruwa ne mazauninta.

Ɓawon ganɗa shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin idan ya ɓalle da kansa yana iya faɗawa hanyar iska. Ba a ɓamɓare shi a bushe, sai fatar ta biyo shi ta yi jini. Ana ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle a bar shi ƴan mintoci ya yi laushi, sannan a share shi daga ciki zuwa waje, a canza ƙyalle, a sake. Sai da muka yi kwana huɗu kafin ganɗar ta fito fes. A ruwan jiƙawa muna sa rabin ƙaramin cokali na bikarbonat a kofi guda, saboda yana narkar da majina mai kauri. Uwargida ta kawo shawarar a sa kanwa tunda akwai ta a gida, na bayyana mata cewa kanwa ta fi ƙarfi, tana kuma tafe da ƙasa da wasu gishirin, za ta ƙona fatar da ta riga ta tsage.

Haƙoran ana goge su da ƙaramin buroshin yara mai laushi, da man goge baki wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba, domin kumfa mai yawa haɗari ce ga wanda ba ya iya tofarwa. Ba a zuba masa ruwa ya kurkure. Bayan kowane haƙori biyu ko uku tana share wurin da matsattsen ƙyalle, sannan ta bi cikin kumatu, musamman na dama inda datti ke taruwa ba tare da ya sani ba, ta ƙare da harshe daga baya zuwa gaba. Wannan sharewa ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, domin buroshi yana tayar da ƙwayoyin cuta daga inda suka manne ya zuba su cikin miyau, kuma idan aka bar su a nan an sauƙaƙa musu tafiya huhu. A asibitin da ke da injin zuƙe ruwa shi ke wannan aiki, a gida kuwa ƙyalle da haƙuri ne madadinsa. Na hana ta sa yatsa tsakanin haƙoransa, domin mai shanyewar jiki yakan datse ba da niyya ba, sai muka naɗe ƴar katakon danne harshe da ƙyalle ana tokare turamensa da ita. A ƙarshe ana shafa ɗan man kaɗanya a leɓɓa kaɗai, ba a cikin baki ba, kuma tsakanin wanki da wanki ana jiƙa bakin da matsattsen ƙyalle duk bayan awa biyu ko uku.

A makon farko dasashinsa ya yi ta jini, har babban ɗan ya ce, “Malam, anya ba ciwo ake ji masa ba?” Na nuna masa cewa jinin na kumburi ne wanda datti ya haifar, asfirin ɗin da yake sha kuma yana ƙara shi, kuma barin gogewa shi zai dawwamar da shi. Kafin mako biyu ya tsaya. A daidai lokacin fararen tabo suka fito a cikin kumatunsa, wato fangas ɗin kandida wanda yakan biyo bayan maganin kashe bakteriya, likita ya rubuta ruwan nistatin, muka riƙa shafa shi da ƙyalle sau huɗu a rana maimakon kurkurewa. Likitan ya kuma dakatar da maganin tarin nan, aka ƙara ruwan da ake ba shi ta tiyo zuwa kusan lita ɗaya da rabi, bisa lissafin mililita 30 ga kowane kilo na nauyin jiki.

Iyalin sun so a sayo ruwan kurkure baki na kilorhesidin daga kantin magani, suna ganin abin da ke cikin kwalba ya fi buroshi ƙarfi. Mun yi amfani da shi mako biyu kawai, mai ƙarfin kashi 0.12 cikin 100, a jikin matsattsen ƙyalle, lokacin da dasashin ke kumbure. Ban goyi bayan a wuce haka ba, domin yauƙin da ƙwayoyin cuta ke ginawa a kan haƙori magani ba ya ratsa shi sosai sai an kankare shi da hannu, maganin kuma yana cutar da huhu idan aka shaƙe shi, wasu nau'o'insa ma suna ɗauke da barasa mai ƙara busar da baki.

Akwai abin da sai a mako na biyu uwargida ta faɗa mini, bayan ta saki jiki da ni. Tun ranar da aka fara dawo da shi gida, kowace safiya tana ɗiga masa cokali ɗaya na rubutu, wani lokaci da ruwan Zamzam, ba tare da kowa ya sani ba. Ban yi mata faɗa ba, kuma ban ga dalilin yi ba, domin matar da ta yi shekara hamsin da wani abu tare da mutum tana neman abin da za ta yi masa da hannunta. Mun yi magana da babban ɗan, ya tuntuɓi malaminsu, aka daidaita a kan cewa za a wanke allon da tafasasshen ruwa, a tace, a ba shi ta tiyo, Zamzam kuma a jiƙa ƙyalle da shi ita da kanta ta shafa masa a leɓɓa da harshe. Tun daga ranar jiƙa bakin na tsakar rana ya zama aikinta, ba ta kuma taɓa tsallake shi ba.

Asuwaki ya dawo a mako na biyar. Jikar ce ta lura cewa duk lokacin da aka kira salla idonsa yana komawa kan aljihun rigarsa da ke rataye. Babban ɗan ya tuna mana abin da ya zo a ingantaccen hadisi, cewa a rashin lafiyar ƙarshe ta Manzon Allah (SAW) Nana A'isha ta lura yana kallon asuwakin da ke hannun ɗan'uwanta Abdurrahman, ta karɓa ta tausasa masa, ya goge bakinsa da shi. Damuwata ita ce zaren asuwaki da ke tsinkewa, wanda mai lafiya ke tofarwa ba tare da ya kula ba. Saboda haka aka riƙa jiƙa shi ya yi laushi, a datse duk zaren da ya saki da almakashi, ya riƙe da hannun hagu ya goge haƙoran gaba yana zaune, ita kuma ta share bayansa. Bai maye gurbin buroshi ba, amma ɗacinsa ya tayar da miyau, kuma shi ne abu na farko da Baba ya yi wa kansa tun ranar da ya faɗi.

Gwargwadon hujjar da ke akwai

Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Yoneyama da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 2002, a kan tsofaffi 417 a gidajen kula da tsofaffi 11 a Japan. An raba su gida biyu aka bi su shekara biyu, ɓangare ɗaya ana goge musu baki bayan kowane cin abinci, ƙwararrun haƙori kuma suna duba su mako-mako. Ciwon huhu ya kama kashi 11 cikin 100 na waɗanda ake kula da bakinsu, da kashi 19 na ɗaya ɓangaren. Sai dai wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2015, wanda ya haɗa buroshi da kilorhesidin da zaunar da mutum lokacin cin abinci, bai sami raguwar ciwon huhu ba. Don haka ba na gaya wa iyali cewa wankin baki kariya ce tabbatacciya, domin abin da ke tasowa daga tumbi ma yana kai wa huhu, kuma wannan buroshi ba ya hana shi. Abin da nake gaya musu shi ne, a cikin hanyoyin da cuta ke bi ta shiga huhun mai tiyo, wannan ce wadda suke da iko a kanta da hannunsu da kuɗi kaɗan, kuma ko da babu batun huhu, barin dattijo da tsagaggen harshe da warin da ke korar masu gaisuwa wahala ce da bai kamata a ɗora masa ba.

Inda aka kwana

A mako na shida zazzaɓi ya sake zuwa, hankalin kowa ya tashi, amma numfashinsa sau 18 ne a minti, ƙirjinsa kuma fes, gwaji ya nuna ciwon mafitsara ne, aka yi maganinsa a gida. An canza tiyon a kan lokaci, kowane karo ana komawa ɗaya ƙofar hancin. A mako na tara likita ya sake gwada haɗiyarsa, bayan an wanke bakin tukuna, ya sha cokali uku na kunu mai kauri bai ƙware ba, ruwa zalla kuwa har yanzu yana sa shi tari. An ba shi izinin cokali biyar sau biyu a rana yana zaune, sauran abincinsa yana bi ta tiyo, kuma hakan ya ƙara wanki biyu a yini, domin yanzu kunu yana maƙalewa a kumatun dama.

Turamensa biyu na ƙasa suna girgiɗi, kuma dattin da ya daskare kamar dutse a bayan haƙoran gaba ya fi ƙarfin buroshi, sai likitan haƙori, babban ɗan yana neman motar da za a iya kwantar da shi a ciki a kai shi. An sa ranar auren jikar, za ta tare a Miriya, saboda haka ta fara koya wa ƙaninta mai shekara 15, wanda Baba ke yi wa kallon kishiya a wasan jika yana datse masa haƙora kafin ya buɗe. A ziyarata ta baya-bayan nan na tsaya ina kallon yaron, na gyara masa matse ƙyalle sau biyu domin yana barin ruwa da yawa a ciki, na kuma ce a mayar da jiƙa bakin duk bayan awa ɗaya da rana, tunda zafin bazara ya fara shigowa.